Mosto, 0,0 ko zoɓo: me za ka ɗora a teburin Sifaniya a gurbin jar giya mai zaƙi-zaƙi?

Ranar Lahadi a Sifaniya ranar cin abincin dangi ce. Ana zama a tebur wajen ƙarfe biyu da rabi na rana, ba a tashi sai la'asar sakaliya, kuma da wuya ka ga teburin da babu kwalba a tsakiyarsa. Duk wanda ya daɗe a ƙasar nan yana aiki da 'yan ƙasa, wata rana gayyata za ta zo masa. Su kuma a al'adarsu baƙo ba ya shiga gida hannu rabbana, abin da aka fi riƙowa kuwa giya ce.

Wani ƙanena da muke aiki tare a kicin ɗin wani gidan abinci a Albacete ya tare ni da wannan magana muna cikin feraye dankali. Ya ce, "Yaya, maigida ya ce in je gidansa ranar Lahadi. Na ji an ce uwargidansa jar giyar nan mai zaƙi-zaƙi take sha da abinci. Ni dai ba zan saye ta ba, ba zan ɗauke ta ba. To me zan kai wanda ni ma zan sa a bakina, kuma ba zai kashe musu ɗanɗanon abinci ba?"

Na ce masa abu uku ne a gabansa. Akwai ruwan inabin da bai taɓa zama giya ba, wanda suke kira mosto. Akwai giyar da aka zare wa barasa, mai lambar 0,0 a jikin kwalba. Sai kuma zoɓonmu. Amma kafin a zaɓa sai an san aikin da ita wannan giya take yi a tebur, tunda gurbinta ake son cikewa.

Sunanta a nan tinto semidulce. Dokar Tarayyar Turai ta karkasa giyar inabi bisa yawan sukarin da ya rage a cikinta. Wadda ba ta wuce giram 4 a lita ba ita ce seco, wato marar zaƙi. Daga nan zuwa giram 12 semiseco ce, ko da yake ana ɗan ɗaga waɗannan iyakoki idan tsaminta ya yi yawa. Wadda ta haura haka amma ba ta wuce giram 45 ba ita ce semidulce, abin da ya zarce 45 kuma dulce ne. Yadda ake samun zaƙin ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Yisti yana cin sukarin inabi yana mayar da shi barasa, kusan giram 17 na sukari a lita yana ba da kashi 1 cikin 100. Mai haɗawa sai ya sanyaya tankin ya tace yistin kafin ya cinye sukarin duka, ko kuma ya bari a gama sannan ya ƙara ruwan inabi mai kauri. Ko ta wace hanya, barasar tana nan, yawanci kashi 10 zuwa 12. Na tsaya a kan wannan ne saboda na sha ganin sabon zuwa ya ɗauki irin wannan kwalba a kanti, ya ga hoton inabi da 'ya'yan itatuwa a jiki, ya ji an ce tana da zaƙi, ya zaci lemo ne. Giya ce cikakkiya, zaƙin bai rage mata komai ba.

Na yi shekaru ina ganin abin da ake fita da shi daga kicin tare da ita. Masu neman ta suna son ta da sanyi, kuma abincin da suke haɗa ta da shi kusan iri ɗaya ne kullum: cuku mai gishiri, soyayyen dankali da miya mai yaji, busasshen nama, wani lokacin cakulan marar zaƙi sosai. Abu uku take kawowa. Zaƙi ɗan kaɗan da ke kwantar da zafin barkono da kaifin gishiri. Tsami da ke wanke maiƙo daga baki. Sai bauri, irin wanda goro ko shayin da ya daɗe a wuta yake bari a harshe, wanda yake fitowa daga bawon inabi da ƙwallonsa, kuma shi ne yake riƙe nama mai kitse. Duk abin da za ka kawo a madadinta, da waɗannan uku za a auna shi.

Mosto na fara sani, tun kafin in shiga aikin kicin, lokacin da nake bin yankan inabi. Sifaniya ta fi kowace ƙasa a duniya faɗin gonakin inabi, sama da hekta 900,000, kuma kusan rabinsu a jiharmu ta Castilla-La Mancha suke. A watan Satumba za ka ga taraktoci sun yi layi a ƙofar matsar inabi tun daga hantsi, ƙudan zuma na bin su. A wajen Almansa akwai wani inabi da ake kira Garnacha Tintorera. Yawancin baƙin inabi bawonsu ne kawai mai launi, cikinsu fari ne, amma shi wannan idan ka matse ƙwaya ɗaya ja ne har tsoka. Kwana biyu kana yankansa, tafin hannunka zai koma kamar na amaryar da aka sa wa lalle. Ruwan da yake tsiyaya a ƙasan kwando, mai danƙo, mai zaƙi kamar zuma, shi ne mosto. Wanda ake sayarwa a kanti an dafa shi sama-sama don kashe yisti, an rufe shi a kwalba ko kwali, bai taɓa tsima ba. Idan ka shiga wurin shan kofi ka ce a ba ka mosto, za a kawo maka shi a tambulan da ƙanƙara, da yankin lemun zaƙi, sau da yawa har da ƙwayar zaitun a tsinke. Yara suna sha, tsofaffi suna sha, direbobi suna sha. Babu wanda zai kalle ka sau biyu.

Sai dai akwai wani tarko da nake roƙon kowa ya riƙe. A kudu, a yankin Jerez da Sanlúcar da ƙauyukan Aljarafe da ke kusa da Sevilla, kalmar mosto tana nufin sabuwar giya ta shekarar, wadda ta riga ta tsima, mai barasa kusan kashi 11 ko 12. Daga ƙarshen Nuwamba ake fara sayar da ita. Suna ma da karin magana cewa idan ranar San Andrés ta zo, wato 30 ga Nuwamba, mosto ya zama giya. Idan aiki ya kai ka can, kada ka ce mosto kawai. Ka ce zumo de uva, wato ruwan inabi, kuma ka nemi a buɗe kwalbar a gabanka.

Laifin mosto ɗaya ne, amma babba: zaƙi. Lita ɗaya tana ɗauke da sukari wajen giram 160. Coca-Cola da muke cewa ta cika zaƙi giram 106 ne a lita. Ka ga ke nan mosto ya ninka iyakar semidulce fiye da sau uku. Baurinsa kuma kaɗan ne, domin ba a barin ruwan ya kwana da bawo kwanaki kamar yadda ake yi wa giya. Mai ciwon sukari ya yi hattara da shi ƙwarai, kada sunan "ruwan 'ya'yan itace" ya ruɗe shi. Wajen saye, ka nemi mosto tinto, wato ja, domin wanda ya fi yawa a kanti fari ne, kuma ka duba ko an rubuta cewa daga ruwa mai kauri aka sake dama shi. Wanda aka matse kai tsaye ya fi ƙamshi nesa ba kusa ba.

Ita kuwa 0,0 labarinta daban ne. An yi giya ta gaske tukuna, daga inabin Tempranillo ko Garnacha ko Syrah, ta tsima da bawonta, sannan aka bi ta da na'ura aka cire barasar. Hanyar da aka fi bi ita ce a zuƙe iskar da ke cikin tukunyar ƙarfe, yadda barasa za ta tashi ta zama tururi da ɗumi kaɗan ba tare da an dafe giyar ba. Akwai kuma masu tacewa ta wani rariya mai ƙananan ƙofofi ƙwarai. Kamfanin Torres na yankin Penedès a Kataloniya ya fito da tasa mai suna Natureo tun 2008, daga baya wasu suka biyo, irin su Win ta rukunin Matarromera a lardin Valladolid. A ƙarshen 2021 Tarayyar Turai ta amince a kira irin wannan abin sha da sunan giyar da aka cire wa barasa, matuƙar abin da ya rage bai wuce kashi 0.5 ba. A nan ma sai an karanta kwalba da kyau. Desalcoholizado yana iya ɗauke da har 0.5. Parcialmente desalcoholizado kuwa rage mata kawai aka yi, giya ce har yanzu. Kalmar "sin", wato "babu", ita kaɗai ba ta isa shaida ba, domin a dokar Sifaniya giyar sha'ir da ba ta kai kashi 1 ba ana iya rubuta mata "sin alcohol".

Idan aka cire barasa, giya takan zama tsararo, tsaminta ya fito fili. Don haka masu yi suke mayar mata da ɗan ruwan inabi don ta yi jiki. Kwalaben da na duba yawancinsu suna da sukari giram 2 zuwa 5 a kowace mililita 100, wato giram 20 zuwa 50 a lita. Wannan ya sa ta faɗo kusan daidai inda semidulce take. A gaskiya, idan ɗanɗano kaɗai ake bi, ita ce ta fi kusa da abin da uwargidan maigidan ƙanena ta saba sha: launi ɗaya, bauri yana nan, tsami yana nan, kwalba da murfi duk iri ɗaya. Kuɗinta ya fi na mosto, a kantunan unguwarmu takan ninka shi sau uku ko huɗu.

To amma ga Musulmi ba ɗanɗano kaɗai ake bi ba. Malamai sun yi saɓani a kanta. Kwamitin fatawa na ƙasar Maleshiya ya yanke a 2011 cewa abin shan da aka yi ta hanyar yin giya haramun ne, ko da an tace barasarsa daga baya, domin asalinsa giya ce. A gefe guda akwai hukumomin ba da shaidar halal da suke sa hatiminsu a kan wasu kwalaben 0,0, bisa hujjar cewa abin da ke bugarwa ya fita, ko tulu guda ka sha ba za ka yi maye ba. Ni a shekarun farko na ɗanɗana iri uku ko huɗu, shi ya sa nake iya kwatanta ta. Daga baya na bar ta, domin zuciyata ba ta natsu ba, kuma na ga ina da abin da zai maye gurbinta ba tare da wasiwasi ba. Ba fatawa nake bayarwa ba, kowa ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Akwai kuma abin da na faɗa wa ƙanena wanda ba na fiƙihu ba ne. A irin wannan zama ana ɗaukar hoto, hoto kuma yana da ƙafa. Idan ya isa wayar Inna a gida, ta ga ɗanta da kofi mai dogon wuya da jan abu a ciki da baƙar kwalba a gabansa, babu wanda zai tsaya karanta mata 0,0.

Yanzu sai a zo kan abinci, inda bambancin yake fitowa sosai.

Da cuku, mosto ya yi gaba. Manchego, cukun nonon tumakin La Mancha da ya yi watanni yana bushewa, yana da gishiri da maiƙo da ɗan kaifi a ƙarshen harshe. Su kansu 'yan ƙasa da membrillo suke cin sa, wani daskararren zaƙi da ake dafawa daga ɗan itacen da ya yi kama da tuffa. Ke nan bakinsu ya riga ya saba da haɗa shi da zaƙi mai ƙarfi, kuma rabin kofi na jan mosto mai sanyi yana yin wannan aiki daidai. Cabrales na Asturias, shuɗin cukun da ake ajiyewa a kogunan duwatsun Picos de Europa, ya fi haka ƙarfi. Warinsa yana cika ɗaki, kuma yana murƙushe 0,0 har ta koma kamar ruwan tsami a baki. Mosto da ba a sirka ba ne kaɗai yake iya tsayawa da shi.

Da yaji ma mosto ne, amma a sirke. Patatas bravas, soyayyen dankali da jar miyar garin tattasai mai ɗan zafi, ba wani yaji ba ne a wurinmu, amma ƙa'idar ɗaya ce da ta tsire ko farfesun da aka zuba wa attaruhu: zaƙi da sanyi suna kwantar da zafi, bauri yana ƙara rura shi. Na gwada 0,0 da gasasshen naman da na barbaɗa wa yajin ƙuli, sai da harshena ya yi kamar an goge shi da soso. Mosto rabi, ruwa mai gas rabi, a matse lemun tsami, a jefa ƙanƙara, wannan ya fi ta sau goma a irin wannan wuri. Haka yake da cecina ta León, naman sa da ake sa wa gishiri, a yi masa hayaƙin itacen oak, a shanya aƙalla wata bakwai, a yanka shi siriri kamar takarda. Gishirinsa yana neman ɗan zaƙi.

Inda mosto yake faɗuwa warwas shi ne gasasshen ɗan rago. Lechazo na Castilla, wanda garin Aranda de Duero ya yi suna da shi, ɗan tunkiya ne da bai wuce kwana 35 ba, nono kaɗai ya sha. A kaskon yumɓu ake gasa shi cikin tanderun itace, ruwa da gishiri kawai ake sa masa, kitsen ya narke, fatar ta yi ƙaras-ƙaras. Mu ma muna samun irinsa a wurin mahautan Maroko masu yankan halal, musamman a ƙarshen shekara. Idan ka bi wannan maiƙo da ruwa mai sukari giram 160, loma ta huɗu za ka ginsa. Abin da yake so shi ne tsami da bauri su share baki kafin loma ta gaba. A nan 0,0 ta fi mosto, ba gardama. Haka kuma da berenjenas con miel na Córdoba da Málaga, soyayyen baƙin yalo da ake yarfa wa baƙin ruwan rake: zaƙi ya riga ya isa a faranti, ƙarin zaƙi a kofi ɓarna ce.

Paella, wato dafa-dukan shinkafarsu, da kuma kifi ba sa son jan abu ko wane iri ne, ruwa mai sanyi da lemun tsami ya wadatar. Kayan zaƙi irin turrón na Jijona kuma suna sa 0,0 ta yi tsami marar daɗi, domin duk abin shan da zaƙinsa bai kai na abin da ake ci ba haka yake komawa. Gara kofi ko shayi.

Wannan giɓi na nama mai kitse shi ya kai ni ga zoɓo. Wata rana ina jiƙa shi a gida, na kurɓa kafin in sa sukari, sai na ji abin da mosto ya rasa: tsami mai kaifi, ɗan bauri a gefen harshe, ga launi ja wur har ya fi na giyar duhu. Samunsa ba wuya a nan. A shagunan 'yan Senegal bissap ne, a na 'yan Latin Amurka flor de Jamaica, Larabawa kuma karkade suke ce masa. Abin da nake yi shi ne in zuba cikin hannu ɗaya mai kyau a lita ɗaya ta ruwan zafi, in rufe minti goma zuwa sha biyar, in tace. Ba na tafasa shi ya daɗe a wuta, domin yana ɗaci. Ba na sa citta, ba kanumfari, ba bawon abarba, ba filebo. Na san wannan zai yi wa mutanenmu banbaraƙwai, amma zoɓon biki daban, na tebur daban, kayan ƙamshin nan suna danne ɗanɗanon abincin da gishiri da man zaitun kawai aka sa masa. Idan ya huce sai in haɗa kofi uku na zoɓo da kofi ɗaya na jan mosto. Ka raba 160 gida huɗu, ka samu giram 40 a lita, cikin iyakar semidulce daidai. Ƙamshin inabi yana nan, zaƙi ya sauko, tsami da bauri sun shigo, kuma babu wani mataki da abin ya taɓa zama giya. Idan da cuku mai ƙarfi za a sha sai in mayar da shi rabi da rabi. Idan da ɗan rago ne, huɗu da ɗaya.

Rauninsa shi ne ba ya ajiyuwa. Ruwa mai sukari da aka buɗe yana iya fara tsima da kansa, don haka a firiji yake zama, kuma ba na barin sa ya wuce kwana uku. Idan ka buɗe ka ji ya yi tsss ko ya fara kumfa, zubar da shi. Yana kuma son a shirya shi tun daren jiya. Wanda aka gayyata yau-yau, ya tsaya a kanti ya ɗauki jan mosto da ruwa mai gas da lemun tsami biyu, zai fita kunya a yawancin tebura.

Abu na ƙarshe da na ja wa ƙanena kunne a kai ba a kofi yake ba, a tukunya yake. Rabo de toro, wato dahuwar wutsiyar sa, da carrilleras, naman kumatu, da jar giya ake dafa su, kuma carrilleras ɗin sau da yawa na alade ne. Peras al vino sunansa ya faɗi abin da ke ciki, domin vino giya ke nan. Sangría da tinto de verano da ake kawowa a jug da ƙanƙara da yankakkun lemo sun yi kama da lemo, amma giya ce aka sirka. Na ce ya gaya wa maigida tun ranar Alhamis abin da ba ya ci. Mutanen nan sun fi jin daɗin a faɗa musu da wuri a kan su ga baƙo yana ture faranti.

Ranar Asabar da dare muka jiƙa zoɓon a ɗakina, muka wanke kwalbar gilashi mai faɗin baki da ruwan zafi, muka haɗa huɗu da ɗaya domin maigida ya ce kafaɗar rago zai gasa, kuma ya yi alkawarin sayo ta a wurin mahaucin halal. Ya kuma riƙe ƙaramar kwalbar mosto daban saboda cuku. Ranar Litinin ya shigo kicin yana ɗaura atamfar aiki, ya ce, "Yaya, kwalbar nan ko ɗigo bai rage ba. Uwargida ta sha kofi biyu da naman, ta ce in rubuta mata sunan furen." Da aka tashi aiki muka biya shagon ɗan Senegal da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, ya saya mata rabin kilo.